Hoton Malam Babu Murya

Ni na dafa wa ƴan fim abinci a shekarar da Malam ya rasu. Da ma sana'ata ke nan. Tuwo da shinkafa nake sayarwa kusa da inda motocin Barmu ke lodi a nan Tawa, kuma wadda ta daɗe tana zuba wa mutane abinci takan gane wanda zai biya tun daga yadda ya wanke hannu.

Mai fim ɗin ɗan Maraɗi ne, yana da shagon wayoyi a kasuwa. Yakan aiko a saya masa tuwo. Wata rana da hantsi ya zo da kansa, ya zauna bisa benci, ya ce zai yi fim a kan masu tafiya bida, waɗanda ke barin ƙasarmu ta Adar su tafi kurmi, ƙasashen kudu na bakin teku, su daɗe. Yana son mai abinci, yana kuma son gidan ƙauye mai rumbuna. Yana cikin magana sai idonsa ya faɗa kan Malam, maigidana, yana zaune a inuwar rumfa yana gyaran igiyar guga. Malam maginin rijiya ne. Ciwon ƙirji ya hana shi shiga rami, shi ya sa muka dawo gari, amma hannunsa bai iya zama banza ba.

"Baba, wagga fuska taka ta fim ce," in ji mai fim. "Kai za ka fito uban yaron da zai tahi bida."

Malam bai ɗaga kai ba. Ni na ce, "Nawa?"

Ya faɗi nawa, ya faɗi na Malam. Ba laifi.

"Yaushe?"

"In an gama, Inna."

Ya ajiye kuɗin cefane bisa tire ya tafi. Ni abin bai kwanta mini ba. Amma da yamma Malam ya ce za shi, a yi a gidanmu na ƙauye, can gefen Barmu, inda ƙanensa yake. Na san ba fim ne a ransa ba, rijiyoyinsa yake son gani. Sai na yarda.

A mota na gane cewa mutanen nan ba yaran mai fim ba ne. Kowa da sana'arsa da kayansa, haya aka ɗauko shi kamar yadda aka ɗauko ni. Mai kyamara ɗan gari ne, bidiyon biki da suna yake yi, gajere mai surutu, yana da mata da ƴaƴa a gidan haya. Mai sauti Buzu ne daga can arewa, dogo, ba ya magana sai an tambaye shi. Shi yana da wata doguwar sanda mai gashi a kai kamar jelar akuya, da ɗan akwati a rataye a ƙirji, da kask, abin saurare, a kunne. Sauran ƴan wasa ne, ban riƙe fuskokinsu ba.

Ranar farko na kafa murhu a tsakar gida na fara daka. Ban yi nisa ba sai ga Buzun ya cire kask ya zo ya durƙusa.

"Inna, turminki shina shiga."

"Shiga ina?"

Ya nuna akwatin ƙirjinsa. Na matsa bayan ɗaki. Ya sake zuwa, wai yanzu murfin tukunya ne. Daga ƙarshe aka kwashe ni da tukwanena aka kai bayan rumbuna, kusa da turken jakuna. Daga can ina hango su amma ba na jin kome. Ina ganin Malam zaune bisa tabarma cikin rigar da na wanke masa, wani saurayi durƙushe gabansa, sanda mai gashi tana lilo bisa kawunansu. Kafin a fara kowane ɗauka sai wani ya zo gaban kyamara ya tafa hannu sau ɗaya ya kauce. Na ɗauka wasan yara ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bakin Malam. Mutumin da zai yini a gida bai haɗa magana uku ba, ga shi can yana ta zuba. Da na tambaye shi abin da yake cewa, sai ya ce, "Maganar fim ce." Ban sake tambaya ba.

Rigimar kuɗi a gaban tukunyata ta fara, domin a nan kowa ke taruwa. Ana gab da gamawa mai kyamara ya ce a ba su ko rabi ne.

"In fim ya hau intanet kuɗɗi za su zo," in ji mai fim. "Ku kwantar da hankalinku."

"Intanet ɗin ita ce mai gidan hayata? To ka ba ni lambarta in kira ta."

"Kai dai baka da haƙuri. Dubi wancan, ya ce wani abu?"

Buzun yana cin shinkafarsa a gefe. Ya haɗiye ya ce, "Ni ban iya cewa ba. Riƙewa na iya."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin na ga fuskarsa. Na kuma ga mai fim ya zagaya bayan rumbu yana kiran wani a waya, yana kira ana kashewa. Da muka dawo Tawa, mota ta sauke kowa a ƙofar gidansa da kayansa. Nan na san dokarsu, wadda ba wanda ya rubuta: abin da ka ɗauka yana hannunka har a biya ka.

Bayan kaka ƙirjin Malam ya tashi. Muka kai shi likita, muka dawo da shi, bai ƙara tashi ba.

Ɗanmu na fari yana Abijan. Ya daɗe, har ƴarsa da ya bari a goye ta fara zuwa lakkwal, makarantar boko. Bai samu zuwa jana'iza ba, bai samu zuwa sadaka ba. Matarsa tana wajena, ita ke riƙe da waya. A wajenmu uwa ba ta sakin baki da ɗan fari, uba ma haka. Ba mu kiran sunansa, ba mu zama hira da shi. Idan ya kira, matarsa ke magana, ni in ce a gaya masa muna lafiya. Ina cikin takaba ya kira, na ji shi daga inda nake zaune.

"An ce Baba ya fito a fim. A turo mini in gan shi. In ji muryarsa ko sau ɗaya ne."

Matarsa ta dube ni. Na ce, "Ki ce masa za a turo."

Tun da ya tafi bai taɓa roƙona kome ba sai wannan. Na zauna da maganar har na fita takaba.

Shagon mai fim na fara zuwa. Ya rame. Rabin katakon da yake jera wayoyi babu kome. Ya yi mini gaisuwar rasuwa yadda ya kamata, ya ba ni kujerarsa, sannan ya ce fim ba ya hannunsa, yana wajen mai kyamara da mai sauti. Wani mai kuɗi ne ya yi masa alkawarin tallafi, ya janye. Shi kuma ya riga ya zuba jarinsa a mota da mai da abinci.

"Sun ce sai na biya za su ba ni. Ni kuwa sai sun ba ni na fitar da shi zan samu abin biya. Inna, ke ki raba mu."

Na ce masa na yafe nawa, na yafe na Malam, ya haɗa ya ba su.

Ya yi wani murmushi marar daɗi. "Allah shi saka. Amma abin da kika yafe ba a aljihuna yake ba. Bashi kika rage mini, ba kuɗɗi kika ƙara mini ba."

Na tashi na hau kabu-kabu zuwa wajen mai kyamara.

Ɗan ɗaki ne a bakin titi, hotunan amare a manne ko'ina. Da ya gan ni ya miƙe. Na gaya masa abin da ya kawo ni, bai yi gardama ba. Ya ɗauko wani baƙin abu kamar sabulun wanki daga cikin akwati mai kwaɗo, ya ce shi ne dis, duk fim ɗin yana ciki. Ya jona shi da ordinatar, wato kwamfuta, ya yi ta nema, sai ga tsakar gidanmu. Ga rumbu, ga tabarma. Wani ya tafa hannu ya kauce. Sai ga Malam.

Ban taɓa kallon fuskarsa kusa haka ba, ko yana da rai. Har tabon da igiya ta yi masa a gefen wuya ya fito. Ya gyara zama, ya dubi saurayin, bakinsa ya fara motsi.

"Ƙara murya," na ce.

"Babu, Inna."

"Kamar yaya babu?"

Ya ce abin ɗaukar maganar kyamararsa ya mutu tun bara, kuma ko yana da rai iskar ƙauye kawai zai kwaso. Shi hoto kaɗai ya ɗauka. Murya tana cikin kat ɗin Buzu, ɗan abin ajiyar sauti da ke cikin akwatin ƙirjinsa. Tafin hannun nan da nake gani, shi ne alamar da ake bi a haɗa su: inda hannu ya haɗu a hoto, nan ake ɗora ƙarar tafin, sai baki da magana su dace.

"To ka kira shi ya kawo."

Ya sosa ƙeya. Sai da na tsare shi da ido sannan ya faɗa. Ashe bayan dawowarmu mai fim ya zo masa a ɓoye da ɗan wani abu, ba rabi ba, ba ko kwata ba, wai ya lallashi Buzu su haɗa fim ɗin. Shi kuma ya karɓa, domin mai gidan hayarsa ya zo ya tsaya masa a ƙofa. Labari ya kai kunnen Buzu. Tun ranar bai sake ɗaukar wayarsa ba.

"Ka ci kai kaɗai ke nan," na ce.

"Inna, katifarmu aka fitar waje."

Na ce ya mayar da hoton baya. Na sake kallo har ƙarshe. Akwai wurin da Malam ya ɗaga hannu kamar zai taɓa kan saurayin, sai ya sauke. Na yi ta duban leɓɓansa ko zan kama kalma ɗaya, ban kama ba.

Na sha wuya kafin in samu mai sauti. Ba shi da shago, ba shi da gida a Tawa. Masu sayar da cuku suka kwatanta mini gidan wani ɗan'uwansa kusa da kasuwar dabbobi. Na iske shi a zaure yana ɗaure kaya cikin buhu. Aikin sauti ya yi wuya, in ji shi, za shi arewa wajen masu haƙar zinariya. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya hura gawayi ya ɗora shayi, ya yi mini gaisuwar Malam. Ya ce tsohon yana da murya mai kyau, ba ta rawa.

Na ce, "Ita na zo karɓa."

Ya juya shayi daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta. "A ba wa?"

"Ni. A sa mini a wayar surukata."

"Inna, abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga duniya. Gobe shina wajen mai kyamara, jibi fim ya haɗu, gata shina hannun mai fim. Su ƴan gari ne, suna da shago, suna da dangi. Ni in na bar garin nan wa zai tuna an ci kuɗɗina?"

"Muryar mijina ce, ba taka ba."

"Gaskiya ne." Ya miƙo mini kofi. "Amma ita kaɗai gare ni."

Na kwance bakin zanena. Kafin in zo na sayar da akuyata, na haɗa da abin da ke cikin asusu. Na ajiye gabansa. Bai ƙirga ba, ni ma na san bai kai ba. Ya tura mini da bayan hannu.

"Ba ke kika ɗauke ni aiki ba. Ke ma ba a biya ki ba. In na karɓi naki, shi ya huta ke nan."

Na yi masa magana mai zafi. Na ce Malam bai ci masa kome ba, na ce akwai ɗa a kurmi da bai ga gawar ubansa ba, na ce wanda ya riƙe maganar mamaci saboda kuɗi ya ji tsoron Allah. Ya sunkuyar da kai yana saurare har na gama. Sannan ya tashi ya kwance buhun da ya ɗaure, ya fito da ɗan akwatin nan da kask.

"Ba ni iya ba ki. Amma ki ji."

Na gyara kallabina ya sa mini a kunne. Da farko iska ce, da kukan jaki daga nesa. Sai tafi. Sai na ji Malam ya gyara murya, irin gyaran da yake yi kafin alwala. Hannuna ya kama tabarma.

Mai fim yana karanta masa abin da zai ce, shi yana maimaitawa yana ɓatawa. Aka sake, aka sake. Har na ji mai fim ya gaji ya ce, "Baba, bar takardar. Ka faɗa masa yadda za ka faɗa wa naka." Aka sake tafi. Sai Malam ya fara. Ya ce wa saurayin ya tahi, bai hana shi ba, shi ma da ƙuruciyarsa ya tahi. Ya ce ya riƙa cin abinci da safe, don ya san shi ba ya ci. Sannan ya ce, "Ranar da ka faɗo daga bisa jaki a hanyar rijiya, ina nan tsaye. Ban ɗauke ka ba, don mutane na kallo. Ƙanena ya ɗauke ka. Na so in ɗauka."

Wannan ba maganar fim ba ce. Ina wurin ranar, da tulu a kaina, ni ma ban ɗauke shi ba.

Daga nan tari ya kama shi, wani ya ce a yanke. Na cire kask ɗin na miƙa wa Buzu. Ya tambaye ni ko a mayar baya. Na ce a'a, na riƙe. Ya raka ni har bakin titi, ya ce ranar da aka biya shi, ko yana ina, zai aiko da kat ɗin a mota. Bayan kwana kaɗan ya tafi. Da farko lambarsa tana shiga, daga baya ta daina.

Na koma wajen mai fim, na koma kuma. Kullum zance ɗaya ne, sai dai wayoyin shagon ke ƙara raguwa. A zuwana na ƙarshe ya ce mini, "Inna, wallahi in na gan ki gabana faɗuwa yake." Na ce gara ya faɗi. Amma na daina zuwa, domin na ga babu abin da za a matsa ya fito.

Bayan Sallah bukukuwa suka yi yawa. Wata safiya mai kyamara ya zo rumfata, ya ƙi zama. Ya ce dis ɗinsa ya cika, ba shi da kuɗin sabo, ga amare suna jira. Ya gaya wa mai fim, mai fim ya ce ya yi abin da ya ga dama. Zai goge.

"Duka?"

"Na yanke wurin Baba. Ki kawo wayar surukarki."

Ya sa mata, ya goge sauran. Aikin mutane da yawa, da man mota, da shinkafar da na dafa a bayan rumbu, ya share ya zuba bikin wasu a gurbin. Yana faɗa mini yana duban ƙasa. Ban zage shi ba. Na zuba masa tuwo, ya ci, ya biya.

Da la'asar surukata ta tura wa mijinta. Ba a daɗe ba ya kira. Ta buɗe muryar wayar ta ajiye bisa tabarma tsakaninmu.

"Na gan shi," ya ce. "Ya tsufa. Amma ba ni jin kome, ko wayata ce ta lalace?"

Ta ce ba wayarsa ba ce, ta gaya masa yadda abin yake, da mai kyamara da Buzu da mai fim. Ya ce nawa ne kuɗin, zai nema ya turo. Ta ce ko ya turo babu wanda za a ba, mutumin yana arewa, ba a samunsa.

"To mi yake cewa? Wa ya ji?"

Surukata ta dube ni. Na juya fuskata wajen bango.

"Ki gaya masa," na ce, "ubansa ya ce bai hana shi tafiya ba. Ki gaya masa ya ce ya riƙa cin abinci da safe."

Ba ta maimaita ba, ta san yana ji. Na ci gaba, ina duban bango. Na faɗi jakin, na faɗi hanyar rijiya, na faɗi mutanen da ke kallo da ƙanen da ya ɗauka. Na faɗi ta ƙarshen ma, yadda ya faɗe ta. A bakina maganar ta fito a bushe, kamar ina lissafin cefane.

A wayar ina jin ƙarar motocin can garin.

"Wane jaki?" ya ce.

"Ki ce masa farin nan mai yankakken kunne."

"Ni ban tuna ba, Inna."

Na ce ƙarami ne sosai lokacin. Ya ce to. Ya ce zai sake kallo. Sai kuɗin wayarsa suka ƙare.

Yanzu idan ya kira, bayan gaisuwa yakan tambayi matarsa ko Buzun ya dawo. Ni ma ina tambaya, wajen masu cuku da direbobin da ke saukowa daga arewa. Wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ba shi ba ne. Bai dawo ba tukuna.